Jar Dara a Cikin Fiyano

"Makaɗi ne! Wallahi, Baba, makaɗi ne, da idona na gan shi!"

Ina tsakar gida ina kakkaɓe huluna na ji muryar Yaya Abatcha daga zaure. Ko sallama bai yi ba. Ya dawo ke nan daga Kazaure, inda ya kai kaya.

"Wa ka gani?" in ji Baba.

"Sama'ilun Amna mana! Hulunan da yake saye a wurinmu, ka san abin da yake yi da su? Yayyankawa yake yi da reza, yana cusawa cikin abin kiɗan Turawa!"

Hular da ke hannuna ta faɗi ƙasa.

Mahaifina, wanda duk kasuwar Babura ta sani da Baba Kura, da sayar da hula jar dara ya rene mu. Kakanmu ya zo da sana'ar daga gabas. A wurin Baba hula mutuncin namiji ce, ko ajiye ta a ƙasa ba ya yarda a yi.

"Amna!"

Na shiga na durƙusa.

"Kin san wannan maganar?"

"Na sani, Baba. Amma ba kiɗa yake yi ba, gyara yake..."

"Kin sani!" Ya miƙe tsaye. "Aka ce min kafinta ne ɗan kafinta daga Roni, na karɓi gaisuwar iyayensa, ashe maroƙi zan haɗa jini da shi?"

"Bai taɓa roƙon kowa ba, Baba!"

"Rufe min baki. Gobe a mayar musu da kayansu."

Na dubi Yaya Abatcha, zuciyata na tafasa. Shi da ba a biki a Babura bai je ya liƙa wa masu kalangu sabuwar naira ba! Shi da ke ninka wa Sama'ilu kuɗin hula yana dariya! Yau shi ne mai kare mutuncin gida?

Na koma ɗaki na kifa kai na yi kukan takaici.

A shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira na fara ganin Sama'ilu. Ya zo sayen dara, Baba ya tafi masallaci, ni ce na fito da kayan. Kowa in ya zo gwada hula yake a kansa. Shi kuwa matsa ta yake da yatsu, ya kai kusa da kunne ya murza.

"Malam, kai da kunne kake sa hula?" na ce.

Ya yi dariya har ya ji kunya. Sannan ya ba ni labarin aikinsa.

A wata kwalejin horon malamai da ke Kazaure akwai wani babban fiyano, abin kiɗan Turawa mai ƙafa uku, wanda wani Bature ya bari da zai koma gida bayan samun 'yancin kai. Tsirkiyoyinsa a kwance suke cikin akwati. In ka danna ɗaya daga haƙoran da ke jere a gabansa, 'yar guduma ta bugi tsirkiya daga ƙasa. In ka saki, wani ɗan ƙaramin matashi na itace mai ulu a ƙasa ya sauko daga sama ya zauna a kanta, ƙarar ta tsaya.

"To waɗannan matasai su ne ciwon kaina," ya ce. "Don ƙasar sanyi aka yi su. A nan rani ya busar da itacen ya karkace, asu ya cinye ulun. Sai ka danna ɗaya, ƙara ta ƙi mutuwa, ta hau kan ta bayanta, komai ya cakuɗe."

Shi ne ya zauna ya sake musu tsari. Ya sassaƙa kawunansu da maɗaci, don ɗacinsa na korar ƙwari. Ya huda kowanne ya zuba 'yar dalma, don ya sauko da nauyin kansa. A madadin ulun Turawa kuma ya gano babu kamar jar dara.

Yana magana idanunsa na haske. Ban taɓa ganin mutum yana son aikin hannunsa haka ba. Tun ranar na san na shiga uku.

Bayan an mayar da kayan gaisuwa, na daina cin abincin kirki. Gwaggo Fatu, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta ce a bar mata ni in huta a gidanta. Ran kasuwa da hantsi sai ga sallamar Sama'ilu a ƙofarta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Amnata..."

"Kada ka ce min komai in ba alheri ba ne."

"Alheri ne. Na yanke shawara. Zan bar aikin."

Na ɗago kai.

"Zan sayar da kayan aikina, in je in durƙusa wa Baba. In ya so in riƙa ɗaukar masa huluna zuwa kasuwar Gwiwa, zan ɗauka. Ke kawai nake so, rabin raina."

Na san jira yake in yi murna. Wani irin haushi ne ya taso min har wuya.

"Ka bar aikin? Saboda me? Sata ka yi?"

"A'a, amma..."

"Shekarun da ka yi a Kano kana koyo, kana kwana da yunwa, duk ka zubar saboda Yaya Abatcha ya ɗaga murya?"

"Saboda ke, Amna!"

"To ban so! Wallahi ban so!" Hawaye suka zubo min. "In ka bari, ka yarda ke nan abin kunya kake yi. Kuma kullum na dube ka zaune a rumfa kana korar ƙuda, in san ni na kashe ka. Wannan auren kake so mu yi?"

"To ya kike so in yi? In rasa ki?"

Muryarsa ta karye.

Gwaggo Fatu ta ɗaga labule. Ashe duk tana ji.

"Kai ɗan nan, abin nan da ake ta faɗa a kansa, shi Kura ya taɓa ganinsa?"

"Bai taɓa ba, Gwaggo."

"Au! Ya yanke wa abu hukunci bai gan shi ba? Tashi ka koma aikinka. Jibi muna tafe."

Yadda ta yi da Baba ban sani ba. Na dai ji muryarta ta cika gidanmu. "Ni na goya ka, Kura! Ka girma ka fi ƙarfin in aike ka ne?" Ran jibin muka shiga motar Kazaure mu uku, Baba ya juya fuska ga taga har muka sauka.

Ɗalibai suna hutu, babban ɗakin taron babu kowa. Fiyanon na tsaye baƙi wuluk, murfinsa a buɗe. Sama'ilu ya zube ƙasa ya gaida Baba. Baba ya amsa da ƙyar.

"Ga ni. Yi kiɗan naka in ji."

"Ranka ya daɗe, ban iya ba."

"Ba ka iya ba?"

"Ko waƙa ɗaya. Malamin ɗalibai ne ke kaɗawa. Nawa in tabbatar kowace ƙara ta tsaya inda aka ce ta tsaya."

Ya danna haƙori ɗaya daga ɓangaren da bai gyara ba, ya saki. Ƙarar ta yi ta jan jiki tana zirrr kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Ya danna wani daga inda ya gama. Yana ɗaga yatsa, tsit!

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah."

Baba ya matso. Ya leƙa cikin akwatin. Ga matasan a jere, kowanne da jan ƙyalle a ƙasansa. Na ga fuskarsa ta ɗaure.

Sama'ilu ya ci gaba da bayani. Siraran tsirkiyoyi shimfiɗaɗɗen yanki ya ishe su. Masu kaurin kuwa sai an yanka dara da tsini, ta shige tsakaninsu ta riƙe su gefe da gefe.

"Waɗannan masu tsinin ne ke ba ni wuya, ranka ya daɗe. Ba sa jimawa sai bakinsu ya baje."

Baba ya ɗauki wani yanki daga kan benci. Ya juya shi. Ya dubi tarin guntayen da ke ƙasa. Sai ya fashe da faɗa.

"Wa ya koya maka yanka dara haka? Wa?"

"Ni na..."

"Dole ya baje mana! Daga gefe ka yanko, inda ta fi laushi! Tsakiyar kai ake nema, nan aka fi matse ta. Kuma ka bi ta kan gashin a karkace! Dubi ɓarna, jama'a, dubi ɓarna! Hula guda ka lalata don ɗan wannan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba, ba ka tambaya! Miƙo min rezar nan. A samo min ruwan zafi."

Ina tsaye baki buɗe, mahaifina ya naɗe hannun babbar riga. Ya kara dara a tururi, ya danne ta da tafin hannu a kan benci har ta yi tauri, sannan ya yanka a hankali. Da hannunsa ya yanka jar dara! Sama'ilu ya shafa gam, ya ɗora, suka jira ya kama, kawunansu kusan a haɗe. Da aka danna, ƙatuwar tsirkiyar ta yi ruri, aka saki, ta ɗauke ɗif.

"Ka ji ko?" in ji Baba. "Haka ake aiki."

Sai ya lura da rezar da ke hannunsa. Ya lura da mu muna kallonsa. Ya ajiye ta da sauri, ya warware hannun riga.

"Mu tafi, kada mota ta bar mu."

Kwanaki suka wuce bai ta da maganar ba. Ni ma na ƙi tambaya, don har lokacin fushi nake. Rannan bayan la'asar ya kira ni zaure.

"Amna, na kira yaron nan da sunan da ba nasa ba."

Ya gyara zama.

"Mai sana'a ne. Ban ce ina son abin da yake gyarawa ba, kuma ba zan so shi ba. Amma na aika Roni iyayensa su dawo."

"Baba, da Gwaggo ba ta tilasta maka ba fa? Da shi ke nan an raba mu a kan maganar da ba a bincika ba?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na jira tsawa.

"Da shi ke nan," ya ce a hankali. "Kuma da na cuce ki."

Nan fushina ya karye. Na kifa kai a gwiwarsa na yi ta kuka, yana cewa, "Ya isa, uwata, ya isa."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Yaya Abatcha bai zo ba. Ya ce shi ba zai zauna tabarma ɗaya da dangin makaɗa ba, ya ɗauki kayansa ya tafi cin kasuwa. Har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma ban ga ranar da zan je ba shi haƙuri a kan laifin da ban yi ba.

Da mota ta zo ɗaukata, mata suka fito da ni a lulluɓe. Baba ba ya cikin masu rakiya, maza ba sa yi. Amma da aka ta da mota na ɗaga mayafi kaɗan, sai na hango shi ya fito har bakin titi, shi kaɗai, yana share ido da bakin riga.

"Direba, tsaya!" na ce. "Don Allah tsaya!"

Gwaggo Fatu ta riƙe hannuna gam.

"Kada ka tsaya, ɗan nan. In ta sauka, su biyun babu mai iya sakin wani."