Kashi Uku da Mai Caja

A barandar wani kamfani suka fara ganin juna, cikin masu jiran a kira su intabiyu. Ita ta kasa zama. Ta leƙa bayan benci, ta leƙa ƙarƙashin tebur, soket take nema, domin takardunta duk suna cikin waya, wayar kuwa saura kashi uku ta mutu.

"Baiwar Allah, in caji ne ga shi," in ji saurayin da ke gefe.

Ya miƙo mata wani pawa bank ɗan firit kamar kwalin ashana. Ya shiga yi mata bayanin inda ya gano shi da yadda yake manne wa bayan waya, har aka kira sunansa sau biyu bai ji ba.

Ba a ɗauki ko ɗayansu ba. Amma ta ajiye lambarsa da sunan Mai Caja, shi kuma ya ajiye tata da Kashi Uku.

Daga ranar kullum sai ya turo mata wani abu: sabuwar waƙa, tallar fim, hoton wata fitilar karatu da ake maƙalawa a littafi.

"Kashi Uku, saurari waƙar nan daga minti na biyu. Sau tara na maimaita. Sun kira ki?"

"Ba su kira ba. Waƙar ta yi. Kuma kar ka kuskura ka gaya mini wa ya mutu a fim ɗin jiya."

Gaskiya dukansu a tsorace suke. Ita ta aika takardar neman aiki wuri ashirin, shiru. Shi ya samu kwantiragin wata shida a wani ofis, yana ƙirga kwanaki. Idan ya turo waƙa, ta san hankalinsa ne ba a kwance ba, sai ta ƙara jin sonsa.

Babanta ne bai ga abin so ba. Mutumin da ya yi shekara talatin a ofis ɗaya, a tebur ɗaya.

"Aikin wata shida ai ziyara ce," in ji shi. "Ga ɗan abokina nan, aikinsa na dindindin."

Ɗan abokin ya zo sau biyu, duka biyun kan ƙarin girma ya yi hira. Ta tambaye shi wace waƙa yake ji, ya ce ba shi da lokaci.

Mai Caja kuwa ya lura Baba na kara rediyo a kunne, sai ya kawo masa sifika marar waya. Ita ta fara gwada ta da wayarta kafin ta haɗa da ta Baba. Baba bai yi godiya ba sai da Mama ta harare shi, amma kullum da safe tana kunne a falo.

Sai kawai Mai Caja ya ɗauke ƙafa. Kwana uku babu waƙa, babu kira. Ta duba wayar nan har Mama ta ce za ta huda ta da ido. Ta ɗauka labarin ɗan abokin Baba ne ya kai gare shi, ya yi zuciya.

"Mai Caja, kai ma cajinka ya ƙare ne?" ta rubuta. Bai amsa ba.

Ranar Asabar da safe saƙon murya ya shigo. Ta ruga ɗaki, ta turo ƙofa, ta danna, ta kara a kunne. Shiru. Ta ƙure sauti, ta sake dannawa. Shiru. Ba ta san Baba ya bar wayarsa a mota ba, sifikar kuma ta kama tata. A falo, yana kurɓar shayi, murya ta cika ɗakin.

"Kashi Uku, ki yafe mini. Sun ƙi sabunta mini kwantiragi. Abokaina sun ce in yi shiru har a ɗaura aure, tunda Baba bai sani ba. Na kwana uku ina juya maganar, na kasa. Gobe zan zo in gaya masa da bakina. In ya kore ni yana da gaskiya. Ina sonki, amma ba zan karɓe ki da ƙarya ba. Na turo miki wata waƙa, kar ki ji yanzu, za ta sa ki kuka."

Tana dannawa karo na huɗu Mama ta ƙwanƙwasa.

"Babanki ya ce ya ji, ya isa haka."

Ranar ko tsakar gida ta kasa fitowa don kunya.

Washegari Mai Caja ya zo, ya durƙusa, gumi har wuyan riga. Ita tana laɓe a bayan labule. Baba ya bar shi ya faɗi komai har ƙarshe.

"Na ji jiya," in ji Baba, ya nuna sifikar. "Sau uku."

Mai Caja ya dubi sifikar, ya sunkuyar da kai.

"Shekara talatin na yi a ofis. Masu aiki na gansu da yawa. Masu kawo ƙarar kansu ban ga biyar ba. Aiki ka ci gaba da nema, ɗana. Mata kam ka samu."

Ta toshe baki, hawaye na zuba.

"Ke da ke bayan labule," in ji Baba, "waƙar da aka ce kar ki ji, sa mana ita."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Har lokacin bai samu aikin ofis ba, ɗan tebur ya kafa yana sayar da caja da sifika, ita kuma tana ɗaukar masa bidiyon kayan tana sakawa a intanet. Baba ya dafa kansu, ya ce Allah ya buɗa musu, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Mama ta amsa amin tana share ido.

Tana zaune cikin ƙawaye wayarta ta yi motsi.

"Amaryata, yau kashi nawa?"

Sai da ta leƙa falo ta tabbatar sifikar a kashe take, sannan ta rubuta:

"Ɗari, Mai Cajata. Amma kar ka yi nisa."