Sanarwar Lahadi ta Uku

"Ni ke da magana!"

Cocin gaba ɗaya ya juyo. Fasto ya sauke takardar sanarwar aurenmu yana dubana ta saman tabarau. A cocinmu na Jega, Lahadi uku ake karanta sunan masu shirin aure, a tambaya ko akwai mai ja. Ba a taɓa jin amarya ta miƙe da kanta ba.

"Kyauta... ɗiyata, ke ce fa amaryar."

"Na sani, Baba Fasto. A dakata."

Kafin sanarwar, Fasto ya yi wani kira. Mata da yara da 'yan bindiga suka koro suna zube a wata firamare can bakin daji. An tara gero da masara, babu direban da ya yarda ya kai. Ya ce Almasihu bai jira hanya ta yi kyau ba kafin ya zo mana.

Maza duk suka sunkuyar da kai.

Sabo, angona, mai jigilar albasa daga Aliero, ya ɗaga hannu. Ko kallona bai yi ba.

Hanyar nan ce ta cinye mijina na fari, ta bar ni da ɗiyata Uwani tana wata bakwai.

Bayan an tashi ya same ni gindin dogon yaro, idonshi jajir.

"Abin ƙaunata, mi na yi miki?"

"Kada ka ƙara kirana haka!"

"Yara ne fa, Kyauta. Kamar Uwani..."

"Uwani ba kamar ba ce, ga ta nan riƙe da zanena! Sau guda na gaya mata babanta ba ya dawowa. Ban iya na biyu."

"In ban tahi ba, wa za shi?"

"Ka tambaye ni kafin ka ɗaga hannu?"



"Da kin hana," ya ce a hankali.

"Shi ya sa ba ka tambaya ba."

Gwaggonshi ta bi matan ƙungiyar zumuntar coci tana cewa dama me ake jira daga bazawara. Innata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni kuwa na wanke kayan da suka yi wa Uwani kaɗan, na haɗa da sabulu da gishiri, na aika a sa a motar. Ban je rakiya ba.

Kwana tara ba na iya haɗiye tuwo.

Ran na goma ina kasuwa, Uwani ta fizge hannunta ta ruga. Sabo ne, ya rame, gilashin motarshi a tsage. Ya ɗaga ta sama tana ƙyalƙyala dariya.

Wallahi saura kaɗan in manta da mutane in faɗa jikinshi.

"Na dawo, Kyauta. Na ga rigar Uwani jikin wata yarinya..."

"Sannu da hanya. Za ka koma?"

Ya dubi ƙasa.

"Jibi. Sun ƙaru."

Ban ce ya yi laifi ba. Har gobe ba zan ce ba.

Na miƙa hannu na ɓamɓare yatsun ɗiyata daga wuyan rigarshi, ɗaya bayan ɗaya.

"Sauko, Uwani. Yi wa Kawu sai an jima."