Marini da Farin Murjani

A can wani zamani, wani marini ya kafa babbar masana'antar rini a bakin teku. Kullum sai ya kwarara baƙin ruwan rini cikin teku, yana cewa, "Teku babba ne, zai shanye!"

Shi duk zatonsa murjani dutsen ado ne kawai, irin wanda innarsa ke sawa a wuya. Wata rana wani tsohon masunci ya ɗauke shi a kwalekwale don ya ga inda murjani ke tsirowa. Marini ya leƙa ruwa, ya daka tsalle don murna.

"Baba, dubi! Fari fat! Wa ya wanke shi haka?"

"Kai ka wanke shi," in ji masunci. "Bara ja ne wur, kifaye cike a cikinsa. Murjani rai gare shi, ɗana. In ya yi fari, mutuwa yake yi."

Marini ya duba, ya sake dubawa, ko kifi ɗaya babu.

Tun kafin su kai gaɓa ya diro, ya sheƙa a guje yana ihu, "Ku toshe magudanar! Ku toshe!" Ya sa aka haƙa ramukan tara ruwan rini, kamar yadda kakansa ke yi.

Bayan shekara uku suka koma. Can ƙasa sai ga ɗan ja ya ɓullo, ƙaramin kifi na kewaya shi.

"Baba, dubi!" in ji marini. "Duk rinin da na yi, ban taɓa fitar da launi kamar wannan ba!"