Sikelin Ƙarƙashin Ƙasa

Ana dab da kiran magariba Mukaddas ta gama naɗe faifan sikelin biyu a cikin auduga. Shi kaɗai ya rage a tsohon ofishin awo na bayan kasuwa. Darakta ya kwashi sauran ma'aikata tun azahar zuwa sabon gini, inda ake dafa palov, dafa-dukar shinkafa da nama, don bikin buɗe wuri. Ita ya bar mata magana ɗaya: sandar sikelin nan a kan wata 'yar wuƙar dutse take zaune, idan wuƙar ta gutsure a hanya, to aikinta ya gutsure tare da ita.

Ta ɗaga sandar daga kan wuƙar, ta kulle ta da maƙalanta, ta rufe gilashin sikelin, ta saka shi a akwati ta ɗaure da ɗamara. Tun tana budurwa take kula da sikelin a wannan ɗakin na ƙarƙashin ƙasa mai warin danshi da man inji.

Sai ta ji ƙauri. Ergash direba ne ke saukowa da kasko, busasshen isirik, ganyen turaren korar iskoki, yana hayaƙi a ciki.

"Malam Ergash, fitar da abin nan. Hayaƙi zai kwanta a kan wuƙar."

"Yaya Mukaddas, ba a tashi daga gida ba a yi turare ba. Mai zama da ke a nan, kin gaya masa za ku tashi?"

"Ɓeraye kawai nake zama da su."

"To ɓeran naki ne ke sa ba kya awo bayan la'asar?"

Ta karɓi kaskon ta kai waje, ta zuba masa ruwa.

Suka ɗora akwatin a bayan mota a kan katifa. Ta zauna kusa da shi, hannunta a kan murfi. Ergash yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka bar gari, suka shiga tsakanin gonakin auduga da aka riga aka girbe. Rana ta faɗi. Babu mota ko ɗaya.

Warin ta fara ji. Danshi da man inji, cikin motar da tagoginta ke buɗe.

Motar ta karkata hagu a hankali.

"Taya ce?" ta tambaya.

"Tayoyina lafiyarsu ƙalau," in ji Ergash ƙasa-ƙasa. Bai waiwayo ba.

Daga cikin akwatin wani abu ya yi ƙara. Ƙit. Ta san wannan ƙarar. Maƙalan da ke riƙe da sandar ne, ana danna su.

Ta kunna fitilar hannu, ta kwance ɗamarar, ta ɗaga murfin. Faifan suna nan a naɗe gefe. Babu komai a kan sandar. Amma gefenta na hagu yana sauka, yana sauka, wajen wuƙar.

A jikin gilashin, daga ciki, tururin numfashi ya bayyana. Ya ɓace. Ya dawo.

"Tsaya," ta ce.

Ergash ya tsaya. Ya leƙo sau ɗaya, ya buɗe ƙofa, ya yanki gona da gudu yana karanta abin da ya zo bakinsa.

Ƙit.

Saura kaurin gashi tsakanin sandar da wuƙar.

Ƙofar motar a buɗe take. Ƙafafunta suna son bin Ergash. Ta tuna fuskar darakta, ta tuna ba ta iya wani aiki ba a duniya sai wannan.

Ta kai bakinta kusa da gilashin.

"Ka yi haƙuri. Ban gaya maka ba."

Numfashin ya tsaya.

"Sauka daga kansa," ta raɗa. "Ba zai iya ɗaukarka ba."

Wata murya siririya ta fito, kamar iska ta ƙarƙashin ƙofa.

"A ina zan zauna?"

Ta rufe ido. Ta sunkuyar da kafaɗarta ta hagu.

Sandar ta miƙe. Wani abu mai sanyi ya hau hannunta, ya bi damtse, ya gyara zama a gefen wuyanta. Ƙashinta ya yi ƙara.

Ergash ya dawo da kansa bayan wani lokaci. Ya tada mota, suka ci gaba da tafiya.

A ƙofar sabon ginin an ajiye babban kasko na isirik, kowa yana ratsa hayaƙin yana shiga. Maza suka shigar da akwatin. Mukaddas ta zo bakin ƙofa, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Ta gwada har aka fara kallonta, sannan ta koma gefen mota.

Da masu dubawa suka zo daga babban birni, suka ce sikelin bai taɓa yin daidai kamar yanzu ba. Darakta aka ba wa takardar yabo. Ita kuwa aka ce kafaɗarta ta karkace, hannunta yana rawa, awo ya fi ƙarfinta. Aka sallame ta daga aiki da kyautar butar shayi.

Ergash yana ganinta a kasuwa wani sa'in, tana tafiya a jirkice. Idan mai talla ya nufo ta da kaskon turare, tana tsallaka titi.