Matokari a Ƙofar Maƙabarta

Santsi ya kwashi ƙafar Baba Jatau a bakin banɗaki, amma bai kai ƙasa ba. Kafin ya gama buɗe baki da salati, ɗamarar da ke ƙugunsa ta yi ƙit, siraran igiyoyin da suka sauka daga jikinta zuwa idon sawunsa suka sandare. Sai ga shi tsaye ƙyam, buta a hannu, ko ɗigon ruwa bai zube ba.

"An tare faɗuwa," in ji wata 'yar murya daga ɗamarar. "Sannu, Baba."

"Yauwa, sarkin iyayi," ya ce, ya wuce alwalarsa yana ƙunƙuni.

Sunan na'urar Matokari. Cibiyar Nazarin Tsayuwar Dattawa ta birnin Sabon Kwari ce ta ƙera ta, bayan birnin ya cika da dogayen benaye da daɓe mai sulɓi da hanyoyi masu tafiya da kansu, tsofaffi suka yi ta faɗuwa suna karaya. A cikin ɗamarar akwai ƙwayoyin ji ƙanana kamar gero. Su ke auna yadda jiki ke layi, da yadda nauyi ke sauka kan diddige, da saurin da mutum ke miƙewa daga zaune. Kwamfutar cibiya ta haɗa wannan duka ta fitar da abin da ake kira makin tsayuwa. In jiki ya karkace fiye da kima, igiyoyin su ƙame su riƙe mutum, in ya daidaita su saki.

Shugabar binciken kuwa 'yar Baba Jatau ce ta cikinsa, Dakta Lantana, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ba banza ta shiga wannan aiki ba. Mahaifiyarta ta zame a tsakar gida ta karye a ƙugu, daga wannan kwanciya ba ta sake tashi ba. Tun daga lokacin, ko tsoho ta gani zai taka matakala sai gabanta ya faɗi.

Da ƙyar ta shawo kan uban ya yarda ya ɗaura. Magini ne, ya yi ƙuruciyarsa yana tafiya kan katanga da bulo a ka, ka ce masa bai iya tsayuwa ba ai zagi ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"In zan faɗi ta tare ni, na yarda. Amma ban yarda ta yi mini iko ba. Ni ba jaki ba ne da za a sa wa dabaibayi."

"Wallahi Baba, tarewa kawai za ta yi," ta ce.

Lokacin kaka ta kai shi gwaji. Aka sa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rufe ido, ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba. Yana ta yi musu ba'a, bai san makinsa ya faɗo ƙasan jan layi ba. A lokacin cibiyar ta ƙara wa Matokari wani sashe da suka sa wa suna shinge, wanda ke hana mai ƙaramin maki ɗaukar nauyi ko taka ƙasa mai tudu da kwari. Ba ya aiki sai mai kula da tsohon ya dangwala yatsa. Lantana ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, sannan ta dangwala, ta kuma ƙara ƙarfin tallafin da igiyoyin ke ba ƙafafunsa. Ta dawo gida ta zuba masa tuwo, suka yi hira, ba ta ce masa komai ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma alkawari ta karya, kuma ta san ta karya.

Watanni suka wuce shingen bai taɓa motsi ba, don tafiyar Baba ba ta wuce masallaci da ƙofar gidan amininsa Malam Ɗan'azumi, duk kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Tare suka fara kwaɓa siminti suna samari, tare suka tsufa suna gardama kan wanda ya fi iya ɗora bulo. Akwai magana tsakaninsu da duk unguwa ta sani: wanda ya rage a baya shi zai ɗauki makarar ɗan'uwansa ta wajen kai, daga ƙofar maƙabarta har bakin kabari. Kowanne yana tsokanar ɗayan cewa ya rage ci, kada ya karya masa kafaɗa.

Wata Talata da hantsi Malam Ɗan'azumi ya cika.

Bayan an yi masa salla, motar gawa mai tuƙa kanta ta kai shi ƙofar maƙabarta ta tsaya. Iyakarta ke nan. Hukumar birni ta taɓa kawo wani keke da zai riƙa ƙarasawa da mamaci har ciki, mutanen Sabon Kwari suka ce a kai kasuwa. Sun yarda inji ya yi musu noma, ya yi girki, ya yi tuƙi, amma mamaci a kafaɗar 'yan'uwansa yake ƙarasawa. Wannan ya ɗauka ya yi 'yan taku, ya ba wancan, har kowa ya sami ladansa.

Da aka sauko da makarar, samari suka dare, suka bar wa Baba Jatau wajen kai. Ya gyara hularsa, ya matsa, ya sa kafaɗa.

"To Ɗan'azumi, ga ni," ya ce a hankali.

Nauyin na sauka a kansa ɗamarar ta yi ƙit. Gwiwoyinsa suka ƙame. Ya yunƙura ya ɗaga ƙafa, kamar an dasa ta a ƙasa.

"An hana ɗaukar kaya," in ji muryar, da ƙarfi yadda duk wanda ke kusa ya ji. "An hana taka ƙasa marar daidaito. Umarnin mai kula, Dakta Lantana Jatau."

Masu riƙe da sauran ɓangarorin suka tsaya da makara a kafaɗa suna kallon juna. Liman ya ɗan jira, ya ga ba alamar motsi, ya matso ya dafa shi.

"Malam Jatau, ka yi haƙuri. Ba a tsayar da gawa."

Wani saurayi ya sunkuya ya karɓi wajen kan, idonsa a ƙasa don kunya. Makara ta wuce. Jama'a suka rabu biyu suna zagaye shi kamar turken fitila, wasu na cewa sannu Baba, wasu na kawar da kai. Ko tsugunawa ya kasa yi. Ya danna maɓallin jikin ɗamarar da ke haɗa shi da mai kula.

Lantana na cikin mata a gidan rasuwa lokacin da agogon hannunta ya yi ƙara. Ta duba, ta ga inda yake.

"Uwata," in ji Baba ta cikin agogon, "ke kika ɗaure ni?"

"Baba, ƙasar wurin rami da tudu ce. Makinka ya..."

"Ban tambaye ki maki ba. Ga Ɗan'azumi can ana tafiya da shi. Ki sake ni."

Ta dangwala yatsa don ta ɗage shingen. Allon ya amsa cewa sai kwamfutar cibiya ta sake auna ƙasar wurin kafin a ɗage shinge. Ita da kanta ta rubuta wannan ƙa'ida, don kada tausayi ya sa wani mai kula ya buɗe inda bai kamata ba. A taron da ta gabatar da ita har tafa mata aka yi.

"Baba, ka ɗan jira, yanzu zai buɗe."

Yana tsaye cikin rana, yana hango ƙeyoyin mutane can nesa sun yi da'ira, yana jin ƙarar shebur. Lokacin da igiyoyin suka saki, har an fara dawowa ana kakkaɓe hannu. Babban ɗan mamacin ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, ai niyyarka ta isa, Allah ya gani." Baba Jatau ya dube shi kawai, hawaye na bin furfurar gemunsa. Bai ƙarasa bakin kabarin ba, don shingen bai ɗagu gaba ɗaya ba, da ya nufi can ɗamarar ta sake yin ƙit.

Da la'asar Lantana ta same shi zaune a bakin gado. Ta durƙusa ta gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba.

"Cire."

Ta kwance ɗamarar, ta zare igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa bango ya miƙe, da niyyar ya tafi zaman makoki da ƙafarsa. Ɗakin ya juya masa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube kan darduma kafin ta kai hannu. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa.

"Kafin ki ɗaura mini wannan abu, da ƙafata nake hawa bene," ya ce. "Me kika yi mini?"

Ba ta da wurin ɓuya, sai ta faɗa masa. Idan Matokari ya daɗe yana yi wa jiki aikin tsayuwa, tsokar ƙafa takan saki, ma'aunin da ke cikin kunne shi ma ya yi lalaci, har jiki ya manta yadda ake riƙe kai. Ƙara tallafin da ta yi ya gaggauta abin. Cibiyar ta ga haka a jikin tsofaffi da yawa, aka yanke shawarar a yi shiru sai an kammala bincike, tunda faɗuwa ta ragu ƙwarai kuma wasu birane sun fara neman na'urar.

"Kin sani ke nan."

"Na sani, Baba."

Da ya yi mata ihu da ta fi jin sauƙi. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da ake wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Ta ɗauko ɗamarar tana kuka.

"Ka mayar, Baba. Na cire shingen, ba zan sake sa shi ba, na rantse."

"Da wa za ki rantse kuma?"

Ya ɗaga murya ya kira maƙwabcinsa ta taga, ya ce a turo masa mutum biyu masu ƙarfi. Suka zo, suka sarƙe hannuwansu, suka ɗora shi a kai. Haka aka fita da maginin da ya yi tafiya kan katangu, ƙafafunsa na reto, zuwa ƙofar gidan amininsa.

Lantana ta tsaya a taga da ɗamarar a hannu. Lokacin fitowar tsofaffin unguwa ne, ga su nan jere a kan hanya, kowanne a miƙe sak, 'yar koriyar fitila na ƙiftawa a ƙugunsa. Rabon da a ji wani ya faɗi a layin nan har an manta. Ta san yawancinsu ba za su iya tashi daga tabarma ba ranar da aka kwance musu ɗamarar, kuma ba wanda ya gaya musu. Wata tsohuwa ta hango ta, ta ɗago hannu da fara'a.

"Dakta! Allah ya yi miki albarka!"