Sunan da Ke Jikin Ganuwa

"Wannan kuma rubutun wa?" na tambaya.

Mijina Shardul ya tsaya cak da kaskon nono a hannu. Tunda aka yi aurenmu yau ne ya fara fita da ni, wai sai na ga ganuwar Sinhagad da yake hawa tun yana ɗalibi. Ni kuwa sarkin rawar kai har da sabon zanen sari.

A jikin wani dutse na ganuwar an sassaƙa suna biyu, nasa da nawa: Shardul da Manjiri. Har na fara murmushi, sai na lura gansakuka ta cinye rabin rubutun. Wannan ya sha damina ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ni fa Ketaki iyayena suka raɗa mini. Ran aure aka ajiye farantin shinkafa kamar yadda ake yi a gidajenmu, ango ya rubuta wa amarya sabon suna da zobe a cikin shinkafar. Manjiri ya rubuta, na dinga jin daɗi kamar an ba ni kyautar gari. Ashe kwance aka ba ni!

"Yara ne kawai..." ya fara.

"Yaran ne suka san sunan da za ka sa mini tun ba ka san ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ajinmu ɗaya. Ta yi aure, tana Nagpur. Ya wuce, rabin raina."

"Ya wuce? Kullum da safe ita kake kira ta kawo maka shayi, ni nake tashi!"

Kishi ya turnuƙe ni. Duk daɗin bakin da ya yi mini, ban san rabon wa na ci ba.

"Aai ta sani?" Uwarsa nake nufi.

Ya kau da kai. Lallai kam, ni kaɗai ce baƙuwa a gidan.

"Ke nake so yanzu, ki yarda da ni."

"To kira ni. Da sunan da ubana ya sa mini."

Ya kamo hannuna, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki yi haƙuri, Manj..."

Ya dafe baki.

Na zare hannuna a hankali, na tattare bakin sarina, na kama hanyar gangara ni kaɗai.