Motar Da Ta Dawo Neman Ɗauri Na Biyu

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Da idona na gani. Ila ɗan kawuna ne ya ja na faɗa, ran da ya kawo motarsa na canza mata gaskit, ya ce shi sauri yake, ba zai kwana ba. Na karɓe makullin na ƙulle a bakin zanena. Bayan isha muna tsakar gida, an ɗauke wuta, shi da matarsa Zinaru, sai ƙunƙuni yake.

"Yaya Tabawa, aiki fa ya ƙare. Riƙon me kike mini?"

"Bai ƙare ba. Jawo tabarmar nan kusa. Ke Zinaru, rage fitilar."

Ga abin da na gaya musu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, Mai Gaskit ake ce masa a garejin Kwanar Gamji. Tsakanin injin mota da bakin bututun hayaƙi, wanda makanikai ke kira manifol, akwai wani falle da ake sawa don kada hayaƙi ya sulale. Shi ne gaskit. Iri biyu muke ajiyewa, na jan ƙarfe, da na kwali mai fentin azurfa. Malam yana aiki, ni ina rumfa ina ciniki. Duk garejin an san ni. Ba a yi mini ragi sai na ga dama, kuma ba na ganin dama.

Malam yana da ƙa'ida. Noti daga tsakiya ake fara ɗaure shi, hagu, dama, a hankali, har a fito baki. Sai a tayar da injin ya ɗau zafi, a bar shi ya huce, a sake bi da sifana. Yakan ce ƙarfe in ya sha zafi sakin jiki yake. Mota ba ta barin hannunsa sai ta sha ɗauri na biyu.

Sau ɗaya ya karya. Ni na sa shi.

Da damina ne. Wani direba ya zo da farar mota mai dogon baya, su bakwai har da shi, kujera ɗaya babu kowa. Na faɗa masa kuɗin na jan ƙarfe, ya yi dariya a gaban mutane, ya ce mace ce za ta koya masa tsada? Raina ya ɓaci. Na miƙa masa na kwali. Malam ya dube ni, na kau da kai. Da aka gama ɗauri na farko hadari ya haɗo, direba ya ce shi ba zai jira ba. Malam ya ce a ɗan dakata. Ni kuwa na ɗaga murya daga rumfa.

"Bar shi ya tafi, Malam. Iyakar abin da ya biya ke nan."

Washegari aka same su gindin tsamiyar da ke bayan gada. Ruwa ya tare su, sun tsaya, sun rufe gilasai, injin yana aiki. Su bakwai, kowa ya jingina kai kamar mai barci, ba mai rai. Mutane suka ce aljanun tsamiya ne. Malam ya je ya buɗe gaban motar, ya duba, ya dawo. Gaskit ɗin ne ya ci, hayaƙi ya shiga musu. Ya rataye sifanarsa. Damina ba ta zagayo ba muka binne shi, kuma har ya tafi bai ambaci sunana ga kowa ba.

Motar kuwa, ba wanda ya yarda ya jawo ta. Wata safiya aka duba, babu ita.

'Yan'uwansa suka so in sayar da rumfa. Na ce sai dai bayan raina. Na sauko da sifanar, na ɗaura ɗankwali, na shiga aiki. Maza suka yi dariya har suka gaji. Da wannan sifanar na raini autata Rakiya.

Shekara tara.

Ran wata Juma'a, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Garejin shiru. Na baro Rakiya a gida tana tankaɗe. Daga nesa ina jin lasifika, liman ya fara huɗuba.

Sai na ji ƙara. Tik, tik, tik.

Duk wanda ya yi aikinmu ya san ƙarar nan. Gaskit ne ya ƙone, hayaƙi yana fita ta gefe.

Farar mota mai dogon baya ta shigo. Ba ƙura a bayanta. Kajin da ke kiwo gaban rumfa suka watse, ko ɗaya bai yi kuka ba. Ta tsaya daidai inda ta tsaya a da.

Wani dogo ya fito. Riga fara, rawani ya rufe rabin fuska. Bai yi sallama ba.

"Ke ce matar Mai Gaskit."

Yana gabana. Muryar kuwa daga bayan kunnena ta zo. Na waiwaya, ba kowa.

"Ni ce. Maza sun tafi masallaci, ka jira."

"Ke nake nema."

Na dubi ƙasa. Rana tsaka kowa inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Tawa tana nan, 'yar dunƙule. Tasa ta miƙe har bangon gareji, kamar ta la'asar.

Ina kawowa nan a labarin, Zinaru ta matso ta riƙe mini hannu. Na ce ta saki, ban kai wurin ba tukuna.

Ya buɗe gaban motar. Na kai hannu a hankali don kada in ƙone. Manifol ɗin sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Motar da ta taso daga tafiya, injinta yana aiki.

"Shekara tara," in ji shi. "An bar mana ita a ƙofar gida. Mun ɗauka. Amma ƙarar nan ta hana mu sakewa. Ba dare, ba rana."

"To ni ina ruwana?"

"Aikin gidanku ne. Ba a ƙarasa ba."



"Leƙa baya," ya ce.

Gilasai a rufe. Na sa tafin hannu na kare hasken rana, na leƙa. Mutane a zaune, kowa ya jingina kai. Ban tsaya duba fuskokinsu ba. Malamai sun ce matattu ba sa dawowa, kuma na yarda, amma mutanen ɓoye suna iya ɗaukar siffar abin da aka bar musu. Kujerar nan ɗaya da na sani babu kowa, yanzu da mutum a kai. Ɗankwali ruwan goro. Garin tankaɗe a gefen kumatu.

Rakiya.

Na ja ƙofa, ta ƙi. Na buga gilashi, na kira sunanta. Ko motsi. Ƙirjinta yana ɗagawa kaɗan kaɗan.

"Da limanku ya sallame zan tafi," in ji dogon. "In ƙarar ta mutu, ki ɗauki 'yarki. In tana nan, mota ta cika."

Ban yi kuka ba. Wallahi ban yi ba, ba lokaci. Na ce ya kashe injin. Na shiga rumfa. A ƙasan akwatin Malam akwai gaskit ɗaya na jan ƙarfe, na ƙarshe da ya yanka da hannunsa. Alhazai sun taya, na hana. Na ɗauko shi.

Notin farko da yatsa na kwance shi. Haka na biyu. Duk sun saki. Na janye manifol, tsohon kwalin ya zubo baƙi ƙirin, ya ƙone ta wajen rami na uku. Na gane fentin azurfar da ya rage a gefe. Ni na miƙa shi.

Na kankare fuskar ƙarfen da wuƙa har ta yi sumul. In ka bar ɓurɓushi ko kamar ƙwayar gero, ta nan hayaƙi zai bi. Noti ɗaya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin mota. Na durƙusa in ɗauko.

A ɗaya gefen yake tsaye. Ta ƙarƙashin mota na ga ƙasan rigarsa. Ba takalmi. Kofato ne, irin na jaki, kuma baya suke kallo.

Na ɗauki notina. Na ambaci Allah a zuci. Na miƙe kamar ban ga komai ba.

Na ɗora gaskit, ramuka huɗu suka hau daidai. Na fara daga tsakiya. Hagu, dama. Hagu, dama. Liman ya zauna tsakanin huɗuba biyu, ya sake tashi.

"Tayar," na ce.

Ya tayar. Shiru. Injin yana tafiya lumui, ba tik ko ɗaya. Na sa tafin hannu kusa da manifol, ba iskar da ke hurowa. Sannan na ji ɗumi. Karo na farko a shekara tara, ƙarfen ya fara zafi.

"Ta mutu," in ji shi. Yanzu muryar daga sama take zuwa. "Rufe. Zan buɗe miki ƙofa."

Aka tayar da iƙama.

Ila, ka ji ni da kyau. A nan ne wurin. Ya ce zai ba ni 'yata. Ba abin da ya rage sai in rufe gaban mota in ce to. Amma na san ƙarfen nan. Zai huce a hanya, ya saki jiki, kwana uku ko wata uku ƙarar ta dawo. In ta dawo, shi ma zai dawo. Kuma ya riga ya san hanyar gidana.

"Ba a gama ba," na ce.

"Na ce ki rufe."

"Ni ma na ce ba a gama ba. Kashe. Sai ya huce na sake ɗaurewa."

"Ba lokaci. Zuba masa ruwa."

"In tsaga ƙarfe? A garejin wa?"

Liman ya yi kabbara ta farko. Inuwar dogon nan ta taso daga bango, ta kwanto a kaina. Sanyi ya kama ni har haƙori. Na zare makullin daga motar, na ƙulle a bakin zanena, kamar yadda na yi maka yau.

"Kin san da wa kike ciniki?"

"Na ga ƙafarka. Ka saurara. Wancan karon mijina ya ce a jira, ni na ce a bar ta ta tafi. Ni, ba shi ba. Mutum bakwai. Yau ba mai ce mini in bari." Ban taɓa faɗin wannan da baki ba sai ranar. "Kai da ka shigo da inji mai sanyi kamar randa, sanyaya shi mana. Ko ba ka iya ba?"

Ya daɗe yana dubana. An yi ruku'u. An ɗago.

Sai ya miƙa hannu. Yatsun sun fi sifanata tsawo. Ya ɗora su kan injin a hankali, kamar mai lallashin doki. Ba ƙara, ba tururi. Zafin ya bi hannunsa ya tafi.

Na sa sifana a notin tsakiya. Ya juya, kusan kwata. Na gaba ma ya juya. Duk takwas ɗin sai da suka karɓa, notin da ɗazu na rantse sun ɗauru. Ina kan na bakwai aka zauna tahiya. Ina jan na takwas liman ya ce assalamu alaikum.

Na kwance makulli na miƙa masa.

"Nawa ne?" ya ce.

Tunda nake ban taɓa barin ciniki ba. Na ce, "Ba ko kwabo. An riga an biya."

Ƙofar baya ta buɗe da kanta. Kujerar babu kowa. Sauran ma babu kowa, sai busasshen ganyen tsamiya.

"Je ki gida," in ji shi. Wannan karon muryar daga bakinsa ta fito. "Ƙarar kuma, tunda kin cire mana, ki riƙe."

Motar ta fita ba sauti. A ƙasa ba sawun taya. Sawun kofato ne, yana nuna kamar shigowa aka yi.

Da gudu na isa gida, ko mayafi babu. Rakiya tana kwance gefen rariya, gari ya zube. Na jawo ta fili, na yayyafa mata ruwa, na yi ta fifita. Da ƙyar ta buɗe ido. Ta ce kanta kamar zai tsage. Ɗankwalinta warin hayaƙin mota yake, yarinyar da ba ta leƙa ko zaure ba.

Abin da ya ce in riƙe, na riƙe. Tun ranar, duk motar da gaskit ɗinta ya fara ci, ina jin ta tun kafin mai ita ya ji. Ko tana can bayan gada. Ko ina salla. Tik, tik, tik, a bayan kunnena na hagu. Na sha tare direba a titi, ya zage ni, ya dawo bayan sati yana ba ni haƙuri.

Nan na kai ƙarshen labarin. Zinaru ce ta yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Yaya, tamu fa? Kina ji?"

"Tun kuna kwanar kasuwa na ji ku."

Na ce musu abu uku. Kada ku rufe gilashi injin yana aiki, ko ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kada ku bi ta tsamiyar bayan gada ku kaɗai. Ran Juma'a kuma, in maza sun tafi masallaci, kada ɗayanku ya zauna a gareji shi ɗaya. Ni kaina rufewa nake.

Da safe na fito da sifana, na tarar Ila ya riga ni. Yana tsaye, tafin hannunsa a kan injin, yana jin ko ya huce. Na sa sifana a notin tsakiya.

Ya juya.